Ragon da Datti Ya Ɗora Kan Sukari

Duk wanda ya zauna a unguwar Ali Kazaure ta Jos wajen shekarar 1978 ya san Datti, ko yana so ko ba ya so. In ba ka gan shi ba to ka ji shi, domin muryarsa takan riga kekensa isa teburin shayin Lukuman. Yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwajen dabbobi can hanyar Kuru, kuma abin da yake yi a can shi ne wankin kwalabe. Shekara bakwai yana wankewa, yana kifewa, yana goge tebur. Amma da yake an ba shi farar riga mai aljihu uku don kada ruwa ya jiƙa masa kaya, sai ya riƙa dawowa gida da ita a jiki, da biro biyu a aljihun ƙirji, ɗaya ma ba ya rubutu. Mutanen unguwa suka fara kiransa Dakta don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Aikin da ake yi a ɗakin ya gan shi sau ɗari ta gefen ido. Akwai wata ma'aikaciya, Madam Naomi, ita ke gwada ko hanjin dabba yana da sinadarin da ke farfasa sukari. Takan kankare cikin hanjin, ta niƙa shi a kan ƙanƙara, ta sa a wani inji ya yi ta juya shi har ruwa ya rabu da tsaki. Sai ta zuba ruwan a 'yan siraran kwalabe tare da ruwan sukari, ta ajiye su cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum na rabin awa. Daga nan ta ɗiga wani shuɗin ruwa ta tafasa. In hanjin ya farfasa sukarin, kwalbar ta koma ja kamar jar ƙasa. In bai farfasa ba, ta zauna shuɗiyarta.

To abin da ya tsaya wa Datti a rai shi ne, kullum aka kawo masa wanki sai ya tarar a kowane jeri akwai kwalba ɗaya da ta ƙi juyawa. Ranar da aka gwada hanjin rago kuwa, jerin gaba ɗaya shuɗi. Bai taɓa tambayar dalili ba, don shi a wurinsa tambaya faɗuwa ce. Ya yanke wa kansa hukunci cewa ja shi ne an ci nasara, shuɗi kuma an yi kuskure, Madam ce dai hannunta ba shi da sa'a.

"Rabin aikinta a rariya nake zubarwa," in ji shi wata safiya, yana tsoma burodi a shayi. "Musamman na rago. Shekara bakwai ba ta taɓa cin nasara a kan rago ba."

Lukuman mai shayi ya ce, "To kai Dakta me ya hana ka gyara mata?"

"Ƙa'idar ofis. Ba a kunyata mace a gaban ogogi."

"Allah Sarki. Ashe tausayi ne ya hana ka girma."

"Shi ne kawai," in ji Datti, bai ko ji tsokanar ba.

Saura mako uku Babbar Sallah aka share sito a wurin aikin, aka ba Datti wata tsohuwar kwalbar shuɗin ruwan da 'yan siraran kwalabe shida masu guntun baki, aka ce ya je ya zubar. Bola ba ta gan su ba. A jakar kekensa suka kwana, kuma tun kafin ya iso gida ya gama tsara yadda zai yi suna. Zai gwada hanjin rago da hannunsa, ya nuna cewa rago yana narkar da sukari, sannan ya ɗora rago ɗaya kan sukari har ya kasa shiga zaure don ƙiba. Daga nan masu kiwo su zo tun daga Kano suna neman sirri.

Ragon da ya sa wa ido kuwa na surukinsa ne, Baba Jika, mahaifin matarsa Hasiya. Baba Jika tsohon hedimanin haƙar kuza ne, ba mai dukiya ba, amma tun da ya zama hedimani bai taɓa barin layya ta wuce shi ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sayen ɗan rago da damina, ya kiwata da hannunsa, ranar Sallah ya yanka ya raba wa unguwa har gidan da ya yi faɗa da su. A duk abin da ya mallaka, wannan ne abin da yake ji da shi.

Datti ya fara da kantin Livinus, mai sayar da kayan shayi da magunguna a kan kwana. Livinus ya miƙo masa kwalin sukari, Datti ya ture da bayan hannu.

"Wannan na 'yan shayi ne. Ni aikin kimiyya zan yi. Ba ni sukarin asibiti."

"Gulukos? Oga Dakta, wanene ba lafiya?"

"Ilimi ne ba lafiya a ƙasar nan, Livinus. Kawo gwangwani ɗaya."

Ya karɓi gwangwanin gulukos, ya wuce kwata ya samo hanjin rago mai tsawon igiyar guga. Ƙanƙara ba ya da ita, amma ya ce Jos ɗin kanta firji ce, don haka da aka fito sallar asuba ya jawo turmin Hasiya tsakar gida, haƙoransa na haɗuwa don sanyi, ya hau kirɓa hanji.

Hasiya ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, turmin yajina ne wannan."

"Jiya ne yake turmin yaji."

"Yau fa?"

"Yau ya samu ƙarin girma."

"In ka gama sai ka saya masa ɗan'uwa, don ni da shi mun rabu."

Saura injin da ke juya kwalba. Wannan bai ba Datti wahala ba ko kaɗan. Ya kife kekensa, ƙafafu sama, ya ɗura kirɓaɓɓen hanjin a kwalbar lemo, ya toshe da totuwar masara, ya ɗaure ta jikin ƙafar baya da tsumma. Ya kama feda ya fara juyawa. Da farko abin gwanin sha'awa, kwalba na zagayawa tana 'yar ƙara. Da ya ji daɗi sai ya ƙara wuta. Totuwa ta yi tsalle ta bar aiki. Abin da ke cikin kwalbar ya zana layi ɗaya tun daga shanyar Hasiya, ya bi ta fuskar Datti, ya haura katanga ya sauka kan garin da maƙwabciyarsu Balaraba ta baza a tabarma.

Sai muryar Balaraba ta taso ta bayan katanga. "Hasiya, mijinki ne ko ungulu ce ta yi amai?"

"Shi ne, Yaya Balaraba."

"To ki ce masa garin tuwon kwana uku ne. Ya zo ya gwada shi, ya kuma ci."

Ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar Datti ya tace da hularsa, ya rarraba a siraran kwalabe huɗu, ya zuba ruwan gulukos. Yanzu sai ɗumin jikin mutum na rabin awa. Ya yi tunani kaɗan, ya ga ai shi ma mutum ne kuma yana da jiki. Ya cusa kwalba biyu a hammatar dama, biyu a ta hagu, ya matse. Hasiya ta ce ita warin ya ishe ta, ya fita da ɗuminsa waje. Ya fita ya zauna a dakalin ƙofar gida, kafaɗu a ɗage, kamar kazar da ruwa ya daka.

Bai yi minti goma ba sai ga Baba Jika yana tafe da sandarsa. Suruki ne, dole a durƙusa, dole a miƙa hannu biyu. Datti ya sulale ƙasa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ya riƙa kaɗa tafukansa daga nesa.

Baba Jika ya tsaya ya dube shi. "Maruru ne a hammatar?"

"A'a, Baba."

"To fiffike kake shirin yi?"

Datti ya yi ƙoƙarin ɗago hannun dama kaɗan don girmamawa. Kwalba ɗaya ta samu hanya, ta gangara ta cikin riga, ta fashe a tsakanin ƙafafunsa.

"Wannan da ke zuba daga jikinka fa?"

"Ilimi ne, Baba."

"Ilimin naka da wari," in ji tsohon, ya wuce.

Amma da rabin awa ta cika, Datti ya ɗiga shuɗin ruwa a kwalabe ukun da suka tsira, ya tsoma su a tukunyar ruwa kan risho, sai ga shuɗi ya koma kore, kore ya koma ruwan goro, ruwan goro ya koma ja wur. Duka ukun, babu ko ɗaya da ta ƙi. Datti ya ji wani daɗi tun daga tafin ƙafarsa, irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Abin da ya gagari Madam shekara bakwai, shi ya gama shi kafin a sauke koko.

Ya naɗe kwalaben a tsumma ya yi gidan surukinsa. Ya jera su a gaban tabarma, ya yi bayani mai tsawo da Turanci a ciki, ya kammala da cewa a ba shi ragon mako uku kawai.

Baba Jika ya ce, "Shekara talatin da ɗaya dusa da harawa nake ba su, ba wanda ya kawo ƙara."

"Ba su san da sukari ba ne, Baba. Dubi kwalba. Kwalba ba ta ƙarya."

"Mai kwalbar fa?"

Datti ya yi kamar bai ji ba. Tsohon ya daɗe yana duban jan ruwan. Gaskiya ragon bana bai cika ido ba, gwiwarsa kuma ta hana shi zuwa neman harawa kamar da. Sannan akwai wani abu da bai faɗa wa kowa ba: ya gaji da jin ana yi wa mijin 'yarsa dariya, yana so ko sau ɗaya a ce yaron nan ya yi gaskiya. Ya kwance igiyar ya miƙa masa, ya ce, "Ranar jajibere ina son shi da ƙafarsa."

Datti ya koma kantin Livinus, wannan karon kwalayen sukarin shayi ya kwasa, domin a cewarsa gulukos na gwaji ne, rago kuwa ba ɗan boko ba ne. Ya cire dusa, ya rage harawa, ya shiga ba shi sukari safe da rana da yamma, wani a tafin hannu, wani a dame cikin kwano.

Rago dai ya yi na'am da sabon tsari. Kwana biyu ya koyi ƙarar kwali. Kwana uku ya cinye aljihun farar riga na ƙasa saboda ya taɓa jin ƙamshin ƙwayar sukari ɗaya a ciki. Tururuwa ta yi layi daga bakin titi har turke, ƙudan zuma suka tare a tsakar gida, ɗaya ya harbi Hasiya a fatar ido ta yi kwana biyu tana kallon mijinta da ido ɗaya, kuma ko da ɗayan ma kallon bai yi masa daɗi ba. Ranar ta biyar ragon ya tsinke igiya ya bi ƙamshi har teburin Lukuman, ya tura kai cikin gwangwanin sukari, kan ya ƙi fita. Ya zagaya teburin sau biyu da gwangwani a ka, ya ture benci da mutum huɗu, ya kifar da butar shayi, sannan ya tsaya yana lasa daga ciki.

Lukuman ya ce, "Dakta, ɗalibinka ya zo karin kumallo."

"Alamar ƙarfi ce. Da can yana iya ture benci?"

Wannan magana ta shiga kunnen mutane. Datti kuma ya ari tef wurin tela yana auna cikin ragon kowace safiya a bainar jama'a, kuma ba ƙarya, cikin yana ƙaruwa. Inci biyu, inci uku, inci biyar. Kafin mako ya zagayo duk mai rago a layin ya fara jefa wa nasa ƙwaya biyu uku a ɓoye. Sukari ya yanke a kantin Livinus. Lukuman ya koma ɓoye nasa a aljihu yana sa wa mutane rabin ƙwaya, wanda ya yi ƙorafi ya ce masa ya je ya tambayi ragonsa.

Wata safiya ana awo, Lukuman ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa cikin ragon. Ya amsa kamar ganga.

"Dakta, kitse yana ƙara haka?"

"Sabon kitse ne. Bai zauna ba tukuna."

Washegari sabon kitsen ya fara fita ta baya, kuma bai tsaya ba. Ragon ya daina tuƙa, ya riƙa cizon haƙora, ya fara ɗingishi da ƙafar gaba, daga baya ya kwanta ya ƙi tashi. Ragunan maƙwabta su ma suka fara ɓata turakunsu. Datti ya tsorata ƙwarai, har abinci ya daina shiga masa, amma da Hasiya ta ce a je a faɗa wa Baba sai ya ce ƙiba ce ke neman wurin zama, ya ƙara wa ragon sukari don ya ji ƙarfin tashi.

Saura kwana huɗu Sallah gunaguni ya yi yawa, Datti ya ce kowa ya hallara teburin Lukuman bayan la'asar, zai maimaita gwajin a idon duniya don bakin 'yan hassada ya mutu. Hasiya kuwa ta ga abin ya isa haka. Ta yafa gyalenta ta nufi unguwar Kwararafa, tana tambaya gida gida har aka nuna mata inda Madam Naomi take.

Jama'a ta cika. Baba Jika na zaune a kan benci, ya dafa sanda da hannu biyu. Datti na tsaye a tsakiya cikin farar rigarsa mai aljihu biyu, kwalabe a hammata, yana bayanin yadda Turawa da kansu suke shakkar sa. Yana cikin cewa ko Madam ɗin wurinsu shi take tambaya in abu ya cije, sai ya ga mutane suna darewa. Ga Hasiya, ga wata gajeriyar mace mai tabarau a bayanta.

Da hannuwansa a sake suke, da ya hau keke. To ba a gudu da kwalba a hammata.

Madam Naomi ta dube shi tun daga hula har silifa. "Datti, rigan wanki ne kake sawa a gari?"

Wani ya yi tari a baya. Datti ya ce, "Sannu da zuwa, Madam. Ɗan bincike ne na gida."

"Na ji. Ci gaba, ina kallo."

Ya sauke kwalaben, ya ɗiga shuɗin ruwa, ya tsoma su a tukunyar Lukuman. Suka yi ja wur kamar kullum. Ransa ya ɗan dawo, ya ɗaga su sama ya juya don kowa ya gani, har ya ɗan karkata su wajen Madam.

Ta ce, "Ya yi kyau. Ina kwalban shaida?"

"Wace shaida?"

"Wanda kullum yake zama shuɗi a jeri na. Wanda na dafa hanjin ya mutu kafin na sa sukari. Shi dole ya zauna shuɗi. In shi ma ya yi ja, to ba hanji ne ya yi aikin ba, duka jerin banza ne."

Datti ya yi murmushin tausayi. "Madam, ni ba na yin shuɗi."

"Ashe? To yi ɗaya ba hanji."

"Ai dole a sa wani abu. Kwalba ba ta aiki da yunwa."

"Sa abin da kake so."

Lukuman bai jira ba. Ya sunkuya da wuƙar yankan burodi ya ɗebo ɗan guntu daga dunduniyar silifar Datti, ya jefa a kwalba. Aka zuba ruwan gwangwanin Datti, aka ɗiga shuɗi, aka tafasa. Ta yi ja. Livinus ya zaro zare daga bakin hular Datti, aka gwada. Ja. Balaraba ta miƙo tsinken tsintsiya daga cikin mata, ta ce a gwada mata don Allah. Ja. A ƙarshe aka yi ɗaya babu komai sai ruwan gwangwanin, ita ma ta yi ja, har ta fi sauran kyau.

Lukuman ya ce, "Dakta, ashe takalminka ma yana narkar da sukari. A ɗora shi kai, ko ya yi ƙiba kafin Sallah."

Dariya ta ɓarke har masu wucewa a titi suna tsayawa. Madam Naomi ba ta yi ba. Ta ɗauki gwangwanin ta karanta jikinsa, ta cire tabarau ta mayar.

"Gulukos ka sa?"

"Sukarin asibiti. Ya fi na shayi daraja."

"Datti, gulukos sukari ne da an riga an farfasa. Shi ne abin da shuɗin ruwan nan yake nema. Kai ka zuba amsa a kwalba, sannan ka yi tambaya."

Ta karɓi ƙwayar sukarin shayi ɗaya daga aljihun Lukuman, ta narkar da ita a ruwa mai tsabta, ta haɗa da ruwan hanjin ragon da Datti ya kawo, ta miƙa masa kwalbar. "Sa a hammata, tunda ka iya. Rabin awa."

Wannan rabin awa ita ce mafi tsawo a rayuwar Datti. Yana tsaye, hannu ɗaya a matse, ba wanda ya tafi, wasu ma suka aika a kira musu 'yan'uwa. Livinus ya cire agogonsa yana sanar da kowane minti biyar. Balaraba ta tambaya ko za a iya sa masa ƙwai a ɗaya hammatar, kada ɗumi ya tafi a banza. Da lokaci ya cika aka ɗiga shuɗi, aka tafasa, aka ƙara tafasawa saboda Datti ya ce wutar ba ta kai ba. Kwalba ta zauna shuɗiya, ko gezau.

"Ka gani," in ji Madam. "Hanjin rago ba shi da wannan abu. Shekaru ina gwadawa, haka yake fita, kuma haka ne daidai. Sukari a tumbi yake tsayawa, ya yi tsami, ya ƙona ciki. Kai wa ya ce maka ka ba dabba?"

Datti ya sunkuyar da kai yana kallon dunduniyar silifarsa da aka gutsure.

Baba Jika, wanda tun ɗazu bai yi dariya ba, ya ɗago kai ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. Zai tashi?"

Ta ce sai ta gani. Aka ɗunguma gidan Datti, ta duba ragon, ta sa aka jiƙa kanwa aka ɗura masa, ta ce daga yau harawa kawai da ruwa, duk wanda ya ƙara nuna masa sukari ita da shi. Ta zagaya sauran gidajen ta faɗi haka. Da za ta tafi ta ce Datti ya kawo sauran shuɗin ruwan gobe da safe, kuma rigar daga yanzu a ƙusa za ta riƙa kwana.

Ragunan maƙwabta duk suka warware cikin kwana biyu, domin masu su marowata ne, ƙwaya bibbiyu suke jefawa. Na Baba Jika shi kaɗai ya samu cikakkiyar kulawa. Ya rayu dai, ya kuma tashi ranar jajibere, amma ƙashin bayansa ana ƙirgawa daga ƙofa, yana tafe yana ɗingishi. Aka kira liman ya duba. Liman ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce dabbar da ramarta da ɗingishinta suka bayyana haka ba ta layya. Ranar jajibere kuwa tsoho mai ɗan fansho ba ya tunkarar kasuwar raguna. Datti ya tura kekensa wurin dillali don ya sayar ya fanshi kansa, dillalin ya shinshina ƙafar baya ya ce a dawo da shi bayan damina.

Ranar Sallah aka sauko daga idi, kowane gida hayaƙin babbaka na tashi. Datti ya so ya kwanta da zazzaɓi, sai aka ce Baba na kira. Ya tarar da tsohon a zaure cikin babbar rigarsa, wuƙar da ya wasa tun makon jiya tana rataye a bango cikin kubenta, ragon kuma na ɗaure a tsakar gida yana tsinkar harawa.

"Zauna nan bakin ƙofa," in ji Baba Jika. "Shekara talatin da ɗaya daga zauren nan kwano yake fita. Yau shigowa zai yi. Ni hannuna bai iya karɓa ba, kai za ka karɓa. Kuma duk wanda ya kawo, ka faɗa masa dalili."

Kwanon farko na gidan Balaraba ne. Datti ya karɓa, ya ce da ƙasa, "Ni na ba ragon sukari."

"Ban ji ba," in ji tsohon.

Ya maimaita da ƙarfi. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Unguwar nan kaf ta ci naman Baba Jika, kuma ba wanda ya manta, har Livinus da ba ya layya ya aiko da shinkafa. A kwano na tara Datti ya fara farfaɗowa, ya ce wa mai kawowa, "Ni na ba ragon sukari, amma a kimiyyance in aka duba…" Sanda ta daki ƙasa sau ɗaya, ya koma kan asalin magana.

Wajen kwano na ashirin ya waiwaya don ya tambayi inda zai ajiye, sai ya ga tsohon ya juya fuska bango yana goge ido da hannun riga. Kunya ta kama Datti, ta gaske, ba irin ta gaban teburin shayi ba. Daga nan bai ƙara jira a tuna masa ba, kowa ya shigo shi ke fara faɗa.

Da yamma ta yi an gama fiɗa ko'ina, turaku duk sun zama wayam, unguwa ta yi tsit sai ƙarar suya. Can daga tsakar gida ragon ya ɗaga kai ya yi kuka, dogo, a shaƙe. A duk Ali Kazaure shi kaɗai ya rage da zai yi, kuma kowa ya san gidan da kukan ya fito.